Yadda Ake Zaɓen Gam Don Manna Siririn Katako A Kan Fatikil Bod

Duk mai yawan kallon TikTok ko YouTube ya san irin bangon nan da masu bidiyo ke zama a gabansa: siraran katakai a jere, fitilar LED tana haskowa ta bayansu, makirfo a gefe. Irinsa ake yi a bayan talabijin a falo, da gaban kanta a shagunan waya kamar na Farm Centre a Kano, da saman teburin kwamfuta. Mai kallo zai ɗauka tsantsar katako ne mai tsada. Galibi ba haka ba ne. Abin da ke ciki fatikil bod ne, wato katakon dusa, wanda yana cikin mafi arha a kasuwa, sai aka lulluɓe fuskarsa da siririn katako mai kyau. Abin da ke riƙe su biyun kuwa gam ne.

A nan matasa da yawa ke asarar kuɗinsu. An sayo kaya, an biya kafinta ko an yi da hannu bayan an kalli bidiyo biyu-uku, aiki ya fito tsaf a watan Agusta. Janairu na kamawa sai gefe ya ɗago, tsakiya ta yi ƙululu, ko wani falle ya tsage daga sama har ƙasa. Sai a ce gam ɗin jabu ne. Wani lokacin jabun ne. Amma sau da yawa gam ɗin lafiyarsa ƙalau, aikin da ba nasa ba aka ba shi.

"Wanne ya fi ƙarfi?"

Wannan ita ce tambayar da ake fara yi wa mai shago, kuma a wannan aikin ita ce mafi ƙarancin amfani. Dalili yana cikin yadda ake yin allon kansa.

Fatikil bod ɓarɓashin katako ne da dusar zarto, aka cakuɗa da wani gam na masana'anta, galibi mai sinadarin yuriya da fomaldihaid, aka danne da zafi har ya zama allo. A birnin Bremen na Jamus aka fara yin sa don kasuwa, lokacin yaƙin duniya na biyu da katako ya yi wuya. Yana zuwa a faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440, kauri kuma an fi samun milimita 12 zuwa 18. Idan aka duba bakinsa inda zarto ya bi, za a ga fuskokin biyu masu laushin gari ne, tsakiya kuma manyan ɓarɓashi ne da 'yan ramuka. Da wannan ake bambance shi da MDF, wanda bakinsa sumul yake kamar an daskarar da fulawa. Yana da kyau a duba, domin a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Dei-Dei sunayen sukan cakuɗe a bakin masu sayarwa.

To, ga lissafin. Ma'aunin Turai na allon kayan ɗaki, EN 312, ya yarda da allo mai kaurin milimita 18 idan cikinsa zai jure jan da ya kai kimanin kilo 3 da rabi a kan kowace murabba'in santimita kafin ya rabe. Shi kuwa farin gam na katako, ma'aunin EN 204 yana bukatar ya jure kusan kilo 100 a kan murabba'in santimita ɗaya. Gwaje-gwajen biyu ba iri ɗaya ba ne, amma tazarar ta isa ta nuna abu guda: kusan kowane gam na kirki ya fi allon ƙarfi. Idan an manna daidai aka zo ɓamɓarewa, fuskar allon ce za ta yage ta biyo katakon. Don haka biyan kuɗi mai yawa don "ƙarin ƙarfi" ba ya ƙara komai.

Abin da ke raba gam da gam a wannan aikin abu uku ne: irin fuskar allon, irin siririn katakon, da ko akwai hanyar matse su har gam ya kama.

Fuskar allo: tana shan ruwa ko ba ta sha?

Fatikil bod iri biyu ne a kasuwa. Akwai tsirara, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake ganin ɓarɓashinsa. Akwai kuma mai rigar melamin, wanda ake yin wadirob da kabad ɗin kicin da shi, fari ko mai zanen katako, mai santsi. Melamin dangin roba ne, ba ya shan komai.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a wani lungu da ba za a gani ba. Idan ya nutse ya bar tabo mai duhu, fuskar tana sha. Idan ya tsaya kamar ƙwallo yana gangarawa, a rufe take. A goge shi nan take, domin ruwa shi ne babban abokin gabar wannan allo: inda ya jiƙa yana kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake.

Wannan ɗigon ruwa ya riga ya yanke rabin hukunci. Farin gam ruwa ne ke ɗauke da shi, sai ruwan ya shige cikin katako sannan ya kama. A kan melamin babu inda zai shiga ya riƙe, sai ya bushe a sama kamar fatar madara, a sa farce a ɗaye shi. Wanda bai riga ya sayi allo ba, ya sayi tsirara. Ya fi arha, kuma ba amfanin biyan kuɗin rigar da za a rufe. Wanda kuma tsohon wadirob ko tebur yake son yi wa sabuwar fuska, dole ya goge melamin ɗin da sanfefa mai lamba 80 zuwa 120 har ƙyallin ya mutu gaba ɗaya, ya share ƙurar, ya goge da sifirit, sannan ya nemi gam da ba ya dogara da shan ruwa.

Siririn katako ba iri ɗaya ba ne

Abu uku ake kira da wannan suna, kuma halinsu ya sha bamban.

Na farko filawud ne mai kaurin milimita 3 zuwa 6. An yi shi da fallaye da aka gicciya jijiyoyinsu, shi ya sa ba ya motsi sosai idan yanayi ya canza. Shi ne mafi sauƙin sha'ani.

Na biyu biniya ce, fallen katako na gaske mai kaurin kimanin rabin milimita, kamar kwali. Akwai tsirara, akwai wadda aka manna wa takarda a baya.

Na uku, wanda ya fi ba da wahala kuma shi aka fi so a bangon bidiyo, shi ne tsagin katako na gaske, mai kaurin milimita 6 zuwa 10. Katako ko an yanke shi bai daina numfashi ba. Yana shan danshin iska ya faɗaɗa, ya saki ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsin, a tsawonsa kusan babu. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a tsakiyar hunturu, ya haura kashi 70 a watan Agusta. Manhajar yanayi da ke cikin waya tana nuna wannan adadi kullum, mai karatu zai iya bibiya da kansa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, tsagi mai faɗin santimita 10 zai iya canzawa da milimita 2 ko fiye. Kamar ba komai ba. Amma idan aka jera goma aka matse su ba rata, santimita 2 ke nan a mita ɗaya. Shi kuwa allon da ke ƙasa motsinsa kaɗan ne. Ɗaya yana ja, ɗaya yana tsaye, gam yana tsakiya. Idan gam ɗin mai tauri ne kuma tsagin yana da faɗi, ko katakon ya tsage, ko fuskar allon ta yage, ko allon gaba ɗaya ya lanƙwashe.

Ƙari a kan haka, katakon da ake samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko kasuwar Katako ta Yamai sau da yawa daga kudu ya taso, bai gama bushewa ba. Tsagin da aka fere daga ɗanyen katako, babu gam ɗin da zai hana shi tsukewa. A ajiye shi a kwance a ɗakin da za a yi aikin, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Filawud kwana biyu ko uku sun ishe shi; tsagin katako kuwa mako biyu bai yi yawa ba.

Farin gam

Shi ne wanda kowa ya sani da sunan Top Bond, a kimiyyance kuma PVA. A kan allo tsirara, da filawud ko biniya a sama, babu wanda ya fi shi dacewa, kuma shi ne mafi arha. Ba ya wari, ba ya kama wuta, ana wanke shi da ruwa kafin ya bushe. Wanda ya ga alamar D3 a jikin robar ya ɗauka, domin ya fi D2 jure danshi.

Sharaɗinsa ɗaya ne, mai nauyi: yana son matsi. Ba ya cike rami, kuma ba ya riƙe komai sai ya fara bushewa. Dole fuskokin biyu su haɗu ƙam na aƙalla awa ɗaya, a kan babban allo ma gara a bar shi ya kwana, sannan a ba shi awa 24 kafin a sa shi aiki. Wannan yana nufin a kwance ake aikin, a ƙasa ko a kan tebur, kafin a ɗaga allon a kafa a bango.

Mutane kan ɗora buhun siminti su ce an matse. A lissafa: kilo 50 a kan fili mai santimita 60 da 60 bai kai giram 15 a kowace murabba'in santimita ba, alhali masu yin irin wannan gam suna maganar kilo 7 ko fiye idan ana haɗa katako da katako. Nauyi yana aiki ne kawai idan filawud ɗin a miƙe yake tun asali. Dabarar ita ce a shimfiɗa wani allo mai kauri a sama don ya rarraba nauyin ko'ina, a jera bulo ko jarkokin ruwa a kansa tun daga tsakiya zuwa gefe, gefunan kuma a kama su da kilam. Inda ba za a damu da 'yan ɗigon ramuka ba, ƙananan ƙusoshi marasa kai suna yin aikin matsin, kowace santimita 15 zuwa 20. Su ba riƙo suke yi ba, fatikil bod ba ya riƙe ƙusa da kyau. Suna tsare wuri ne har gam ya karɓi aiki.

A shafa shi ko'ina, siriri, da rola ko guntun roba mai haƙora, ba a zana shi kamar maciji a bar sauran fili ba. Giram 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita ya wadatar, wato kusan rabin kilo ga cikakken allo mai ƙafa 4 da 8. A kan allon ake shafawa, ba a kan biniya ba, domin ruwan gam yana nannaɗe ta nan take kamar tabarma. Kuma kada a tsarma shi da ruwa don ya yi auki, kamar yadda wasu ke yi. Ruwan cikin allon zai tafi.

Sai maganar lokaci. Mintuna 5 zuwa 10 ake da su tsakanin shafawa da haɗawa, a zafin Afrilu ko iskar hunturu ma ba su kai haka ba. Idan gam ya yi fata a sama kafin a ɗora katako, an makara. A kashe fanka, a shirya nauyi kusa, a samu mutum na biyu.

Akwai wata dabara da ta dace da ƙaramin aiki, kamar fuskar akwatin sifika ko ɗan teburin laftof. A shafa farin gam a allo da bayan biniya, a bar su su bushe sarai, a haɗa, a shimfiɗa takarda a sama, a bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi ana dannawa. Zafin yana narkar da gam ɗin ya haɗe. Wannan dabarar kuma tana tona wani hali nasa: zafi mai yawa yana sassauta shi. Allon da rana za ta riƙa duka ta taga kullum, ko wanda ke manne da wurin da inbata ke fitar da zafi, ya kamata a yi la'akari da haka.

Evo-Stik da danginsa

Wannan shi ne mai launin zuma, mai ƙarfin wari, wanda kafintoci da masu takalma ke amfani da shi. Robar niyofirin ce aka narkar a cikin sinadarai masu saurin tashi. Ana shafa shi a fuskokin biyu, a jira mintuna 10 zuwa 20 har ya daina biyo yatsa, sannan a haɗa. Yana kamawa nan take, ba kilam, ba jira. Shi ya sa ake son sa, shi ya sa kuma ake sa shi inda bai kamata ba.

Inda ya dace: fomika, biniya mai takarda a baya, da filawud siriri, musamman idan allon yana tsaye a bango ba halin matsewa, ko kuma fuskar melamin ce da aka goge. Inda bai dace ba: biniya tsirara da tsagin katako na gaske. Dalili, ko ya bushe roba ne, yana miƙewa. Biniya tsirara tana shan danshin damina ta faɗaɗa, gam ɗin ya bi ta maimakon ya tsare ta, sai ƙululu da tsaga su fito. Idan kuma aka fesa mata banish mai tina, tinar tana ratsa siririn fallen ta jiƙa gam ɗin daga sama. Tsagin katako mai kauri kuwa idan ya tashi lanƙwashewa, a hankali yake janye kansa daga gefe har ya ɗago.

Kurakurai uku ake yawan yi da shi. Allo tsirara yana shanye shafin farko, musamman a baki, har fuskar ta koma kamar ba a shafa komai ba. Sai an ƙara shafi na biyu bayan na farko ya bushe, a ga ɗan ƙyalli ko'ina. Na biyu gaggawa: idan aka haɗa tun yana ɗanye, sinadarin da ya maƙale a ciki shi ne ƙululun gobe. A sa agogon waya, a kuma gwada da bayan yatsa. Na uku, ba ya ba da damar gyara. Da zarar fuskokin sun taɓa juna, magana ta ƙare. Don haka a jera siraran sanduna a kan allon, a ɗora fallen a kansu, a daidaita, sannan a riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya ana dannawa. Bayan nan a bi ko'ina da rola da ƙarfi, ko a ɗora guntun katako ana bugawa da guduma. Ƙarfin dannawar farko shi ne ƙarfin riƙon.

A ranar da aka yi ruwa iska ta jiƙe, gara a ɗaga aikin. Tashin sinadarin yana sanyaya fuskar gam, raɓa ta kwanta a kai, riƙon ya yi rauni.

Lissafin saye kuma ninki biyu ne: cikakken allo kusan murabba'in mita 3 ne, fuska biyu 6 ke nan, ban da shafi na biyu.

Maganar hatsari ba ta wasa ba ce. Tururin wannan gam yana kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta a inda take: kurfoti, risho, sigari, maganin sauro na kunnawa, janareto a bakin ƙofa, har tartsatsin soket. Dangin sinadaran da ke cikin sholisho ne, suna sa jiri da ciwon kai, yawan shaƙarsu yana lahanta ƙwaƙwalwa. A yi aikin a tsakar gida cikin inuwa, ko a buɗe ƙofa da taga duka. Takunkumin yadi ba ya tare wannan tururi. Ɗakin da aka yi aikin kuma kada a kwana a ciki a rufe a daren.

Gam na bindiga

Shi ne mai zuwa a cikin doguwar roba mai tsinin baki, kimanin mililita 300, ana matsa shi da bindiga irin ta silikon. Sunayen da aka sani sun haɗa da Liquid Nails da No More Nails da Soudal Fix All. Kauri gare shi kamar man goge baki, yana cike rata, yana riƙe abu a tsaye tun kafin ya bushe, kuma bayan ya bushe yana da ɗan sassauci. Ga tsagin katako a kan allon da ke tsaye, wato ainihin bangon bidiyo, shi ne zaɓin da ya fi.

Sai dai iri uku ne a cikin roba mai kama ɗaya, dole a karanta jiki. Mai ruwa yana bukatar aƙalla fuska ɗaya mai sha, kuma yana jinkiri. Mai sinadari yana da wari da hatsarin wuta irin na Evo-Stik. Ana danna katakon, a ɗago shi na 'yan mintuna ya sha iska, a mayar. Na ukun, wanda ake rubuta wa MS ko Hybrid, ba ruwa ba sinadari mai tashi, danshin iska ne ke busar da shi, yana kama melamin, kuma ya fi sauran jure motsin katako. Ya fi tsada. A tsakiyar hunturu yana daɗewa bai ƙanƙame ba saboda iskar ba danshi, sai a ƙara masa kwana.

A kan tsagi mai faɗin santimita 4 ko 5, layi ɗaya mai kaurin milimita 5 a tsakiyar bayansa ya isa, da ƙusa mara kai a sama da tsakiya da ƙasa. Layin tsakiya yana barin gefuna biyu su yi motsinsu. Tsagi ya fi zama lafiya idan bai wuce santimita 7 ba a faɗi. Wanda ya fi haka a raba shi. A bar rata tsakanin kowane biyu, ko da milimita 2 ce. Wanda ya yi aikinsa a hunturu ya sani katakon zai kumbura da damina, ratar ita za ta cece shi. Wanda ya yi da damina ya sani ratar za ta ƙara buɗewa a Janairu. Shi ya sa masu wayo ke yi wa allon baƙin fenti, don duk ratar da ta buɗe ta zama kamar ado. Amma a nan akwai tarko: gam da aka sa a kan fenti, fentin ya riƙe, ba allon ba. A lulluɓe layukan da gam zai bi da tef ɗin takarda kafin fenti, a ɗaye bayan ya bushe.

Inda wannan gam ke ba da kunya shi ne a ƙarƙashin abu mai siriri sosai. Filawud mai milimita 3 yana bin tudun layukan, kuma fitilar LED da ke haskowa daga gefe ba ta ɓoye komai, kowane tudu sai ya fito a kyamara. Kafin gam ya bushe, a kunna tocilan ɗin waya a kwantar da ita a jikin allon. Duk inda inuwa ta fito, a danne.

Sauran da ke cikin shago

Gam ɗin foliyuritan, irin Gorilla Glue na asali, yana kumfa ya ninka kansa idan yana bushewa. Kumfar tana tura siririn falle sama idan ba a matse shi sosai ba, kuma ita kanta ba ta da ƙarfi. Yana son danshi, allon kuma ba ya so. Araldite da sauran masu haɗi biyu suna da kyau wajen gyaran lungun da ya ɓalle, amma shafe murabba'in mita 3 da su ɓarnar kuɗi ce, mai saurin kamawar kuma zai daskare kafin a kai rabi. Sufa gulu yana da tauri kamar gilashi, allon kuma yana shanye shi. Amfaninsa ɗaya a nan: irin mai kauri da ke zuwa da gwangwanin feshi, wanda ake kira MDF kit, ana ɗiga shi wuri biyu-uku tsakanin farin gam don ya riƙe ɗan ƙaramin tsagi nan take, ya zama madadin kilam.

Gam na kyandir da ake narkarwa da bindigar lantarki yana sakin jiki a ɗaki mai rufin kwano. Silikon na gilashi ne da bayan gida, riƙonsa a katako ba shi da ƙarfi, kuma duk inda ya taɓa fenti ba ya zama. B-7000 da T-7000 da masu gyaran waya ke manna sikirin da su an yi su ne don siririn layi a gefen waya. Tef mai fuska biyu kuma ƙurar allon yake kamawa.

Abu biyu da gam ba ya magancewa

Idan aka lulluɓe fuska ɗaya ta allo aka bar ɗayar tsirara, allon yana lanƙwashewa, domin ɓangare ɗaya na shan danshi ɗayan ba ya sha, fallen da aka manna kuma yana ja. Allon da za a ɗaure a bango ko a kan firam da sukurori da yawa zai zauna. Amma ƙofar kabad ko saman tebur da ba a ɗaure ba, sai an manna wa bayansa wani falle mai kaurin na gaba, ko da mai arha ne. Bakunan allon kuma a rufe su da tef ɗin baki ko fenti, a ɗaga shi santimita 1 ko 2 daga daɓe saboda ruwan mofa. Bangon da ke tsattsafo da damina, ko sabon filasta da bai bushe ba, a sa sanduna tsakaninsa da allon.

Na biyu shi ne nauyi. Gam yana riƙe ado ne kawai. Maƙalin talabijin, kanta mai ɗaukar sifika ko dikoda, hannun da ke riƙe kyamara, duk sai ƙusoshinsu sun ratsa katako da allo sun shiga cikin bulo. Sukuru a cikin fatikil bod yana iya riƙewa wata da watanni, ranar da yaro ya ja waya ya fito da garin katako a jikinsa, talabijin ta biyo baya. Ramukan wayoyi da na soket kuma a huda su kafin a manna, kada a binne mahaɗar wayar lantarki a bayan allon da ba ya buɗuwa.

Gwajin kwana ɗaya

Kafin a taɓa babban allo, a yanki guntaye kamar tafin hannu daga ainihin allon da ainihin katakon da aka saya, a manna su yadda za a yi babban aikin. Idan ana shakka tsakanin gam biyu, a yi duka biyun, a rubuta suna da lokaci a baya. Bayan awa 24, na bindiga kuma awa 48, a sa bakin sukundireba a tsakani a ɓamɓare.

Idan bayan katakon ya fito da ɓarɓashin allo manne a jikinsa, gam ya yi aikinsa. Idan ya fito fes, gam ɗin yana gefe guda yana ƙyalli, to bai kama ɗaya fuskar ba: ko melamin ɗin bai gogu ba, ko akwai ƙura ko maiƙo, ko an bar shi ya yi fata kafin a haɗa. Idan kuma gam ɗin ya rabe biyu, rabi nan rabi can, yana da danƙo, bai gama bushewa ba ko ya tsufa a shago. A duba kwanan watan da ke jikin robar. Guntu na biyu a ajiye shi cikin mota da aka rufe a rana, ko a kan kwanon rufi, na yini ɗaya, sannan a sake gwadawa tun yana da zafi.